Tawadar Malam da Hasken Leza

Idan aka tambaye ni aikina na ce ina bincike a kan haske, mutane sukan gyaɗa kai kamar sun gane, can kuma wani ya miƙo mini wayarsa ya ce fitilarta ta daina kamawa. Har yau ban daina jin haushin wannan ba, na dai koyi haɗiye shi.

Ina koyar da kimiyyar haske a jami'a a nan Sakkwato. Abin da na ƙare ƙuruciyata a kansa ana ce masa girafin. Baƙin abin nan ne da ke tsakiyar fensir, idan aka yi ta ɓare shi har ya rage falle ɗaya tak, siririn da ido ba ya iya gani. Halinsa ne ya ja ni gare shi. Gilashin taga yadda yake yi wa hasken asuba haka yake yi wa na tsakar rana, ba ruwansa. Girafin kuwa yana sauya hali gwargwadon ƙarfin hasken da ya same shi. Idan aka zuba garinsa a ruwa cikin ƙaramar kwalba aka haska leza mai rauni, wato siririn hasken na'ura da ke tafiya a miƙe kamar zare, hasken zai wuce abinsa ya yi ɗigo ɗaya a bango. Idan aka ƙara ƙarfi, sai ɗigon ya buɗe ya zama zobba, wani cikin wani, abin da ke wucewa ta tsakiya kuma ya ragu. Ni aikina in ƙirga zobban nan, in auna abin da ya wuce. Burin masu irin wannan bincike shi ne wata rana a yi tabarau da zai bar mutum ya ga hanya, amma ya tare hasken leza kafin ya taɓa masa ido. Wato shekara da shekaru ina fama in kare idon mutanen da ban taɓa gani ba.

Mahaifina marubuci ne a Ƙofar Kware. Kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Littattafan fiƙihu da na nahawu yake kwafa da hannu, da alƙalamin kara, tawadarsa kuma shi yake haɗa abinsa da gawayin aduwa da ƙaro. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da hakan ke nufi. Bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya kallon fuskata, ba ya yi mini magana kai tsaye. Ina durƙushe a gabansa zai juya wajen mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ya ce, "Ki ce ma waccan ta tashi, ƙasa da sanyi." Ƙannena suna hawa cinyarsa suna jan gemunsa, ni kuwa waccan ce. Ba ƙi ba ne, kunya ce, na sani tun ina ƙarama. Sanin bai hana ni kishin ƙannen nawa ba.

Lokacin da nake digiri na uku, garin girafin da na yi oda daga waje ya ƙi isowa. Wata ya bi wata, na'ura tana zaune, ni ina zaune. Ina bukatar wani baƙin ruwa ko da na gwaji ne, don in daidaita madubai da gilasan tattara haske kafin na gasken ya zo. Ranar wata Juma'a na je gaida su, na tarar da Malam a tsakar gida yana tace tawada da ƙyalle. Na tsaya ina kallo, sai na ce a raina, ai wannan ma gawayi ne, danginsu ɗaya da girafin. Na bi Inna madafa na roƙe ta ta roƙa mini. Ta harare ni ta ce in ba neman magana ba me zan yi da tawadar karatu a wurin boko, amma ta je. Da zan tafi na ga ƙaramin kurtun tawada a bakin ƙofa, an toshe bakinsa da tsumma.

Na sirka ta da ruwa sosai na sa a kwalba, na kunna. Zobba suka fito. Ba su kai na girafin kyau ba, amma sun fito, har guda biyar. Na yi tsalle ni kaɗai a ɗakin gwaji kamar wadda ba ta da hankali.

Na ba Inna labari da ƙarfi, da gangan, domin na san Malam yana ɗakinsa kuma labule ne kawai tsakaninmu. Bai leƙo ba. Amma mako na zagayowa na sami wani kurtun, wannan karon an tace shi sau uku. Inna ta ce ya hana kowa taɓawa. Daga nan abin ya zama mana hanya. Zan kai labari madafa, labarin ya ratsa labule, sabon kurtu ya fito. Wani lokaci in ji muryarsa daga ciki: "Mi tac ce? Ta yau ta hi ta rannan?" Inna ta ce, "Ga ta nan zaune, kai ma ka ji abin da tac ce." Ya ce, "Ke nit tambaya." Kusan shekara biyu muna haka. Ban taɓa yin hira da mahaifina mai tsawon wannan ba, kuma ban taɓa jin daɗin aikina kamar lokacin ba.

Wata Asabar bayan azahar na ɗauko ƙaramar leza mai koren haske na kawo gida. Na ce wa Inna ina so Malam ya ga abin da tawadarsa ke yi. Ta yi ta kai da kawowa kafin ya yarda. Muka rufe ƙofar ɗakin Inna, na rataya zane a taga, zafi kamar ya dafa mu. Malam ya zauna can gefe a kan buzu, yana kallon bango, ni ina bayansa. Na kunna, ɗigo ya fito. Na ƙara ƙarfi a hankali, ɗigon ya buɗe, zobe ɗaya, biyu, uku, kore shar a jikin farar ƙasar bangon. Malam ya ce, "Ikon Allah." Ya matsa gaba. Sannan ba tare da ya nemi Inna ba ya ce, "Ƙara."

Ni ya yi wa magana. Kalma ɗaya ce, amma tawa ce. Murna ta ɗebe ni, kuma murnar ce ta kai ni ga abin da nake nadama har yau. Malamar jami'a idan ta ga ɗalibi ya kama, ba ta san ta tsaya ba. Na ce bari in nuna wani abu kuma. Akwai guntuwar takarda da yake goge bakin alƙalami a kai, duk ta yi dabbare-dabbare da baƙi. Na cire kwalbar na sa takardar daidai inda hasken ke tattaruwa. A kan farin wurin ba abin da ya faru. Na gusa ta zuwa kan baƙin, nan take siririn hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika ɗakin, rami ya buɗe kamar an soka allura. Na yi bayani da muryar aji: fari yana mayar da haske, baƙi yana shanye shi, shi ya sa baƙin ne ke ƙonewa. Malam ya karɓi takardar daga hannun Inna, ya ɗaga ta ya leƙa ta ramin, ya daɗe yana leƙe. Ni kuwa na koma gidana a Gawon Nama ina jin babu wanda ya kai ni sa'a a garin nan.

Malam yana da ciwon suga tun da daɗewa, yana shan magani idan ya tuna. Bayan kamar shekara guda da wannan Asabar, Inna ta ce mini ya fara ƙorafi wai layukan rubutu suna lanƙwashewa, kuma yana ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a gabansa kamar ƙudaje. Na matsa har aka yarda na kai shi asibitin ido, ni ina tuƙi, shi da Inna a baya. Likitan mutum ne mai haƙuri. Ya duba ya duba, sannan ya ce suga ya taɓa bayan idon, wasu sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari sun tsiro suna yoyo. Ya ce maganin shi ne leza. Ba za ta dawo da abin da ya tafi ba, amma za ta riƙe abin da ya rage, kuma kada a yi jinkiri. Ni har wani sanyi na ji a raina. Na ce wannan ai gidana aka zo, wa zai fi ni iya shawo kan Malam a kan leza?

Da muka koma gida ya zauna a tsakar gida, ya cire hula ya ajiye. Ina durƙushe nesa kaɗan. Ya ce wa Inna, "Tambayi waccan. Wutad da likita yac ce, ita ta wadda tak kawo gidan ga?"

Na ce, "Irinta ce, Malam. Har launin ɗaya ne."

"Tana ƙonawa?"

Duk wata 'ya a Ƙofar Kware da aka yi wa wannan tambaya ta san amsar da za ta bayar. Za ta ce a'a Malam, haske ne kawai, kamar na tocila, kafin ka ƙifta an gama. Ni kuwa an tambaye ni tambayar kimiyya, sai na ba da amsar kimiyya. Na ce e, tana ƙonawa, amma ɗigo-ɗigo ne ƙanana a gefe-gefe, ana sadaukar da gefen ne don a tsirar da tsakiya.

Can ya ce, "Mi taka kamawa cikin ido?"

Na ce akwai wani baƙi a bayan ido, shi ne yake shanye hasken.

Ya ce, "Tau. Na ji." Ya ɗauki hularsa ya shiga ɗaki. A gidanmu idan Malam ya ce ya ji, an rufe maganar ke nan.

Inna ta ja ni madafa, idonta ya yi ja. Ta ce, "Ke wace irin ɗiya ta? Bakinki bai iya hwaɗin a'a ba?" Na ce, "Ƙarya kika so in yi mashi?" Ta ce, "Wa yac ce ƙarya? Lallashi aka ce maki. Karatun ga naki duk bai koya maki lallashi ba?" Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi ba. Ina da zuciya, kuma a ranar na tabbata ni ce mai gaskiya. Har yanzu ma ban ce abin da na faɗa ba daidai ba ne. Kowace kalma daidai ce. Da ɗalibi ne ya ba ni wannan amsa da na ba shi cikakken maki.

Na aika masa ƙanwarsa, ta dawo ta ce ya yi mata dariya ya sauya magana. Na aika limamin unguwa, abokinsa tun na yarinta, ya dawo ya ce mini, "Ɗiyata, ya ce da idonai yag gani, kuma ke da kanki kin tabbatar mashi. Ni mi zan ƙara?" Na zauna na rubuta masa wasiƙa da ajami, da manyan baƙaƙe don ya iya karantawa. Na bayyana cewa abin da ya gani a takarda ni na tsayar da hasken wuri ɗaya da gangan, na likita kuwa ƙiftawa yake yi, an auna shi, dubban mutane sun yi sun tashi da ganinsu. Inna ta ce ya karanta har sau biyu, ya naɗe, ya ce, "Ki hwaɗa mata hannunta ya yi kyau." Sannan ya ƙara da cewa yana da littafi a gabansa da ya rage masa kashi ɗaya cikin uku, a bar shi ya ƙarasa da sauran ganin da Allah ya bar masa, in ya gama sai a ƙone abin da za a ƙone.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba don bai yarda da ni ba ya ƙi. Don ya yarda da ni ne. Da likita ne kaɗai ya ce leza, da wataƙila ya bi, domin Malam ba mai gardama da masu sani ba ne. Amma 'yarsa ta nuna masa hayaƙi, 'yarsa ta ce baƙi ne ke ƙonewa, 'yarsa ta ce akwai baƙi a cikin idonsa. Ya haɗa ɗaya da ɗaya kamar yadda ya saba a karatunsa.

Akwai abu ɗaya da ban yi ba. Ban ɗaga labulen nan na shiga ba. Ban zauna a gabansa na kama ƙafarsa na yi kuka na ce Malam ina tsoron ka makance, don Allah ka tashi mu je ba. Ƙanwata ta ƙarshe za ta iya, ta ma yi, amma ita ba ta san leza ba, sai ya shafa kanta ya ce ta bar kuka. Ni da na sani, ban taɓa shiga ɗakin nan ba tun da na yi wayo. Na daɗe ina ɗora laifin a kan al'ada, kuma tana da nata kason. Amma labule ne fa, ba ƙofar ƙarfe ba. Gaskiyar ita ce har da fushi. Na ji haushin a ce ni da nake koyar da wannan abu an ƙi jin maganata, na yi mako shida ban taka Ƙofar Kware ba. Mako shida a irin wannan ciwo ba ƙaramin abu ba ne, kuma na fi kowa a gidan sanin haka.

A tsakanin nan girafin ɗina ya iso, bayan kusan shekara uku ina jira. Ya yi zobba masu kyau, sun fi na tawada yawa da tsabta. Na auna, na rubuta, na kare digirina, aka tafa mini. Wani babban malami daga cikin masu jarraba ni ya ce irin wannan aiki ne zai kare idon jama'a wata rana. Na yi murmushi na gode masa, na fita na zauna a mota na kifa kai a sitiyari. A makon ne idon Malam na hagu ya tafi gaba ɗaya, jini ya cika shi.

Ya ci gaba da rubutu da na dama. Yana kai fuskarsa kusa da takarda har gemunsa yana shafar tawada. Na koma zuwa gida, na daina kawo maganar, shi ma bai kawo ba. Idan na tambayi Inna sai ta ce ya ce da sauƙi, yana gani daidai gwargwado. Ya daina fita masallaci shi kaɗai, ya ce ƙafa ce ke damunsa. Ya daina neman a miƙo masa alƙalami, ya ce hutawa yake yi. Muka karɓi duk abin da ya faɗa, domin shi muke so mu ji.

Wata Talata da hantsi Inna ta kira ni ina tsakiyar aji. Ta ce, "Malam ya ce ki taho da mota. Ya ce a tahi a yi." Na bar ɗalibai a zaune. A hanya ina ta lissafi a kaina: na hagu ya tafi, amma na dama ko rabi ne ya rage za a iya riƙe shi, ko kwata ne ma, mutum zai ga hanyar masallaci, zai ga fuskar jikokinsa. Na tarar ya yi wanka ya sa farar rigarsa ta Juma'a, har da turare. Ya fito yana dafe da kafaɗar Inna, abin da ban taɓa gani ba. Littafin bai ƙare ba, ban kuma tambaya ba. Tun daga gida har asibiti leɓɓansa suna motsi.

Likitan nan ne dai. Bai yi mana faɗa ba, bai ce ina kuka shiga ba. Ya ce mini da Turanci bari ya fara dubawa tukuna. Ya zaunar da Malam a gaban na'urar duba ido, ya ɗora masa haɓa a wurinta, goshi a wurinsa. Malam bai san dubawa ce ba, ya ɗauka aikin ne za a fara. Na ga ya kama gefen teburin da hannu biyu, ya riƙe har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Mutumin da ya shekara yana tsoron wannan kujera, ga shi ya kawo kansa ya buɗe ido iyakar buɗewa.

Likita ya kunna fitilar na'urar. Farin haske mai ƙarfi ya sauka a idon dama, irin wanda ke sa lafiyayyen mutum hawaye. Ina tsaye a gefe, kusa ƙwarai. Na san abin da ƙwayar ido take yi idan haske ya same ta, ina koyar da shi a shekarar farko: tsukewa take yi. Ta Malam ba ta motsa ba. Likita ya kawar da hasken ya dawo da shi, ya ƙara masa ƙarfi, ya sake. Ya koma na hagu, ya dawo na dama. Sannan ya ɗago kansa daga na'urar ya dube ni.

Malam ya gyara riƙonsa a teburin. Ya ce, "Likita, kunna. Na shirya, ba ni jin tsoro."

Hasken yana kan idonsa. Inna ta sa gefen mayafinta ta toshe baki. Likita yana kallona, Inna tana kallona, kowa yana jiran mai bayanin haske ta yi bayani. Na matsa na durƙusa kusa da kujerar, na ce, "To, Malam. Yanzu za a kunna."

Likita ya sa hannu a hankali ya kashe fitilar. Malam ya ci gaba da jira, idonsa a buɗe.